Zoben Mai Wanki

Maƙerin zinariya bai taɓa ganinta ba, amma tun daga bakin ƙofa ya san murna ce ke tafe da ita. Doguwa ce, ɗankwalinta a karkace, tana haki. Hannayenta yake kallo, sun yi kaushi, sabulu ya ci yatsun. Ya ce a ransa wannan mai wanki ce, kuma ta daɗe tana ɗokin yau.

Tana kwance ƙullin hankici, sai ga 'yar zinariya kamar ƙwayar wake.

"Baba, zalla ce! Zobe nake so, kada a gauraya mini da komai."

"'Yata, zalla laushi gare ta. Sati guda a hannun nan zoben zai lanƙwashe. Ko dai ki ajiye shi a akwati, ko in sa jan ƙarfe kaɗan ya yi ƙwari."

Ta dubi tafin hannunta, ta fashe da dariya har da buga teburinsa.

"Akwati? Shekara goma sha ɗaya ina wanke kayan kwalliyar wasu! Sa jan ƙarfen, Baba. Da zobena zan riƙa wanki, kowa ya gani."

Ta miƙa masa yatsa ya gwada.