Buroshin da na riƙa lasa

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ɗora muku hoton mota ko ɗaya ba. Wasu sun ce na samu duniya na manta da ku. Ina ma hakan ne. Jinya na yi, kuma sai yanzu hannuna na dama ya yarda na yi dogon rubutu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, malamin firamare ne ni a Hammadu Kafi. Abin da nake kashe lokacina da shi shi ne ƙera 'yan ƙananan motoci da gwangwani, in liƙa su da dalma, in yi musu fenti. Ba na sayarwa, so ne kawai.

Wani tsoho a Bagadaza ya koya mini, Baba Yohanna, mai rubutun jikin motoci. Da guntattakin fentin gareji muke aiki. Abu uku ya ɗora ni a kai. In zan fesa fenti in rufe ƙofa da taga, kar ƙura ta sauka a kai. In zan ja siririn layi in lashi bakin buroshi ya yi tsini. In na gama in sha madara gwangwani ɗaya, wai tana wanke ƙirji.

Shekara tara ina yin haka, ko sau ɗaya ban tsallake madarar ba.

Da ciwon ciki ya fara. Murɗawa kamar ana matse tsumma, ga ba na iya bahaya sai bayan kwana huɗu. Mai kemis ya ce ulsa ce. Wani ya ce taifod. Na sha magani har fitsarina ya canza launi. Ga faɗa da ya same ni, abu kaɗan in hau matata Asabe da masifa.

Wata Asabar da safe ta miƙo mini kofin shayi. Na kai hannu, sai hannun ya lanƙwashe daga wuyansa ya yi ƙasa. Kofi ya faɗi. Na ce wa hannun ɗago, ya ƙi.

Wallahi ba kofin na kalla ba. Hannun Baba Yohanna na gani a jikina. Haka nasa ya yi lilo kafin ya rasu, shekara biyu da suka wuce. Mutane suka ce iska ce ta taɓa shi, ni ma na yarda, har na je jana'iza na yi wa iyalinsa ta'aziyya da wannan maganar.

Asabe ta ce, “Malam, yau ko ka ƙi ko ka so, asibiti za mu.”

An ɗebi jini, an yi hoton ciki, an ce jinina ya yi ƙasa, amma ba a ga dalili ba. Sai wata likita ta ce in buɗe baki. Ta daɗe tana haska dasashina da tocila, ta nuna wa Asabe wani shuɗin layi a gindin haƙora.

“Malam, me kake yi ban da koyarwa?”

Na nuna mata hotunan motocina, har da ɗan alfahari. Na kuma ce kar ta damu, ina shan madara.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Madara abinci ce, ba ta wanke komai. Ina zargin gubar dalma, akwai ta a irin wannan fenti.”

Wani gari aka aika da jinin. Gwajin da gadon asibiti suka ci babur ɗina. Kwana tara muna jira, sakamako ya fito, zarginta ya tabbata.

Na tambaye ta ko hannun zai dawo. Ta ce, “Za mu yi namu. Ba zan yi maka alkawari ba.”

Aka kwantar da ni. Ƙarin ruwa, allura, da magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitar da gubar ta fitsari. Aka ɗaure hannun a wata filastik don ya miƙe. Kullum da hantsi sai sashen gashi da motsa gaɓoɓi, ina matsa ƙwallon roba da ɗan yaye ma zai iya matsawa, ni ina zufa.

Tsoron bai bar ni ba. In na rufe ido sai in ga Baba a bakin shagonsa, ya tallafe hannun dama da na hagu, yana ce mini, “Ka sha madararka kuwa?” Da zuciya ɗaya yake tambaya, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Har yau nakan ji warin fenti a masallaci ko a aji, in waiwaya babu komai.

An gwada Asabe da yara, Allah Ya tsare su, da yake a ɗakin zaure nake aikin. Shi ma an kankare shi an wanke.

A wata na biyar na ɗaga yatsa ɗaya. Yanzu ina riƙe alli, ina cin tuwo da dama. Siririn layi kam ya tafi, hannun yana rawa.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitar nan da ta duba bakina, da nas-nas, da 'yan'uwana malamai da suka riƙe mini aji. Asabe, kin sha masifata ba ki rama ba, Allah Ya biya ki.

Masu wannan aiki, ku fesa fenti a fili da abin rufe hanci na gaske. Kar buroshi ya kusanci baki. Ku wanke hannu kafin cin abinci. Ciwon ciki in ya ƙi ji, ku gaya wa likita abin da kuke taɓawa, ko bai tambaya ba.

Sai roƙo ɗaya. Mu biyu Baba ya koya wa. Ɗayan sunansa Bulus, dā yana Kumbiya-Kumbiya, lambarsa ta daina shiga. Ya fi ni ƙwazo, ya fi ni daɗewa a ɗaki a rufe. Duk wanda ya gan shi, don Allah ya karanta masa wannan, kuma in ya miƙo hannu za su gaisa, ya duba mini ko yana ɗagawa.