Haƙorin Mijin Yayata

Shekarar da tsakuwa a cikin wake ta fasa mini turmin haƙori, ina koyarwa a Ƙaura Namoda. Likita a Gusau ya kankare abin da ya saura, ya cusa mini wani abu mai danƙo a baki don ya ɗauki siffar wurin, ya ɗora wa haƙorin hular wucin gadi, ya ce in dawo idan ta gaskiyar ta iso daga inda ake ƙera ta. Na yi ta zarya a mota. Ta wucin gadin ma sau ɗaya na tsamo ta daga kwanon fura.

A tsakanin nan mijin yayata ya dawo daga wani taro a Abuja. Ma'aikacin gwamnati ne a Shinkafi, irin mutanen da ko atishawa suka yi a babban birni sai ƙauye ya ji labari. Ashe shi ma an yi masa hular haƙori.

"Malam, har yanzu laka ake cusa muku?" in ji shi. "Ni kwamfuta ta ɗauki hoton bakina, inji ya sassaƙa haƙorin ina zaune. Kafin la'asar ina cin tsire."

Aikin kam ya yi kyau, ban musa ba. Amma daga ranar ba a ƙara gaisawa da shi lafiya ba. Ka tambaye shi iyali, ya ce maka kwamfuta. Damuwarsa ɗaya: haƙorin can ciki yake, kuma an daidaita launinsa da na sauran, ga shi mutumin goro. Ba mai gani sai ya wangale.

Ranar wani suna a Zurmi ya samu taron da yake so. An gama addu'a, ana rabon dabino, ya durƙusa gaban kawunmu, dattijon malami, ya sa yatsa ya ja kumatunsa.

"Kawu, duba ikon zamani."

Kawu ya gyara tabarau, ya leƙa da ladabin mai duba marar lafiya.

"Wane daga ciki, Alhaji?"

Mijin yayata ya taɓa wani, ya ce a'a, ya koma na bayansa, yawu na bin hannun babbar riga. Gwaggonmu, wadda haƙorinta na Makka ke walƙiya tun ina yaro, ta zo wucewa da tulun kunu. Ta tsaya ta leƙa ita ma.

"To wanga ruɓaɓɓe da ke kusa da shi hwa? Kwamfutar ba ta gane shi ba?"

Matasan da ke bakin zaure suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Mijin yayata ya rufe baki, ya ce direba na jiransa, ya tafi ko naman suna bai tsaya ba.

Yayata ta yi fushi da ni har bayan girbi, wai ni na fara dariya. Ni kuwa tari ne ya kama ni.