Kalilu Mai Awon Tumbin Duwan

Kawuna Kalilu bai taɓa zama a aji ba, amma a Jibiya ta wancan zamani babu wanda ya kai shi sanin sirrin kuɗin ƙasashe, in dai shi ka tambaya. Ɗan canji ne. Tabarmarsa na bakin kasuwa, sulallan Ingilishi a dama, tammar Faransa a hagu. Fataken Maraɗi ba sa wuce shi.

Iliminsa guda ne. Wai ƙarfin kuɗin ƙasa a cikin ma'aikatanta ake ganinsa: gwamnatin da ta ƙoshi, yaranta ba sa ramewa. Don haka duk wata sai ya hau jaki ya tsallaka iyaka, ya je gaida Manu, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan na Faransa. Ba gaisuwar ce ta kai shi ba, tumbin mutumin yake zuwa dubawa. Kuma da yake ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, kullum da 'yan zabi da man shanu yake tafiya, har da rago in ta kama.

Da kakar 1958 ya dawo yana haki, ya ce wa matarsa Hajo, "Ɗamarar Manu ta ƙi ɗauruwa! Tamma za ta hau. Saida gonata ta Mazanya zan yi, in sayi tamma tun da arha."

Hajo ta ce, "Malam, gonar ubanka fa ce, ita muke ci. Kuma wanga tumbi, ba kai ka kiwata shi ba?"

Ya ce, "Mi mace ta sani ga sha'anin ƙasashe?"

Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake yi. Ya sayar wa maƙwabcinsa Lawwali gonar, ya juye kuɗin kaf zuwa tamma, ya zauna jiran arziki. Kafin shekara ta fita, can a birnin Faris, wasu Turawa da ba su taɓa jin sunan Manu ba suka rage darajar kuɗinsu. Labari ya iso ta bakin direbobin gyaɗa. Kawu ya kwashi tammar ya ruga wurin Lawwali, ya ce a warware ciniki. Lawwali ya ce ai ya riga ya kai taki, kuma shi ba ya karɓar kuɗin da ke ramewa cikin aljihu.

Da ruwa ya sauka na gan shi a gonar nan da fartanya, cikin 'yan ƙwadago. Wallahi ya ba ni tausayi. Da yamma Lawwali ya zo biya, ya tsaya a kansa yana murmushi.

"Masani, da wanne za a biya ka, sule ko tamma?"

Kawu ya dubi kunyoyin da ya nome.

"Ba ni gero," in ji shi.