Farantin da Ba Ya Ƙarewa

'Yan uwa, shinkafar Indiyawa ta raba ni da gasar da na yi wata uku ina wa karatu.

Yau ne zagayen ƙarshe na kacici-kacici, ƙarfe huɗu. Kafin nan Malama Binta ta kai mu wani ƙaramin gidan abincin Indiyawa a wajen badala, ni da Rabi, wadda aka ajiye ko da zan samu matsala. Aka kawo wa kowa farantin ƙarfe mai ƙananan kwanoni shida, har da na nono.

Kun san gidanmu a Gwammaja, ba a barin loma a kwano. Na sunkuyar da kai na cinye tas. Ina ɗagowa ma'aikacin ya sake cika min. Kunya ta hana ni magana, na cinye. Ya ƙara. Sau huɗu fa!

Rabi ta zungure ni. "Ke Zainabu, yunwar shekara kika zo da ita?"

Sai Malama ta lura. "Subhanallahi. Ai a nan sai kin ce ya isa suke dainawa."

Ba wanda ya gaya min.

A adaidaita cikina ya fara murɗawa. Muna isa wurin gasar na wuce banɗaki. Daga can na ji ana kiran sunana a lasifika, har aka gaji aka kira Rabi. Da na lallaɓo na tsaya bakin ƙofa, tana kan kujerata tana cizon yatsa, an yi mata tambayar da ko a barci zan amsa.