Ranar da Aka Karɓe Taɓaryar Kaka

Shekaranjiya ina neman abin tokare ƙofar ɗakin ajiya, sai hannuna ya faɗa kan wata taɓarya a bayan buhunan gero. Tun kafin in jawo ta haske na gane ta. Tsakiyarta ta rame ta yi santsi, daidai inda hannu ke riƙewa, kuma da na kai ta hanci sai na ji kamar ƙamshin gero da citta, ko da yake wataƙila hancina ne ke yaudarata. Taɓaryar kakata ce, wadda ta haifi babanmu. Na daɗe tsaye da ita a hannu, har na manta da ƙofar.

A ƙauyen Kaikai na yi wayo, a hannun wannan tsohuwa. In na ce maka tsohuwa, kada ka kawo hoton mai sanda a ranka. Doguwa ce, ba ƙiba, amma in ta ɗaga taɓarya za ka ga damtsenta ya murɗe kamar igiyar guga. Da kaka, lokacin girbi, ita ke sussukar geron gidan, ta sheƙe, ta surfa, ta daka fura. Da rani, lokacin da ruwan rijiya ke gudu can ƙasa, ita ke ja, ƙafa ɗaya a kan bakin rijiya, tana yi tana mita. Ranar kasuwa ta aza ƙwarya a ka ta taka har Kusada, ta dawo kafin la'asar ta yi sanyi, ta tsuguna ta hura wuta ba tare da ta dafa komai ba.

Yanzu nakan ga samari a Kankia suna ɗaga ƙarfen da aka liƙa wa siminti, suna leƙa ƙirjinsu a madubi. Ba na raina musu. Amma ita ba ta taɓa ɗaga wani abu don a ce ta yi ƙarfi ba. Aikin gida ne ya gina jikin, shi ne kuma yake riƙe da shi.

Mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika. In na ja guga na gaji a tsakiya, sai ta karɓe da hannu ɗaya ta ce, “Kai, wannan ragon miji! Da kai zan dogara da ƙishirwa ta kashe ni.” Akwai wata magana kuma da take yawan faɗa bayan ta sallame salla, tana kakkaɓe tabarma: “Ranar da na kasa tashi daga sujada da ƙahwata, a je a haƙa mani kabari, an gama.” Muna dariya a lokacin. Ita ba dariya take yi ba.

Babanmu ɗan fari ne. Ka san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama su yi hira. In ya zo gaishe ta, sai ta juya gefe ta amsa wa bango. “Wancan” take ce masa. Ya samu aiki a Kankia, ya gina gida, Allah ya rufa masa asiri. Sai wata rana a wajen wani suna, wani ɗan'uwa mai dogon baki ya ce a gaban mutane, “Ɗa yana cin albashi a gari, uwa tana sussuka a ƙauye.” An yi dariya an wuce. Babanmu bai wuce ba. Maganar ta zauna masa a ƙirji, kuma da aka gama girbi ya zo da mota ya kwashe mu, ni da ita.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ƙauna ce ta sa shi. Ya ba ta ɗaki mafi kyau, da katifa mai kauri, da kujera mai hannu. Ɗan garuwa na kawo ruwa har ƙofa, hatsi kuma inji ake kaiwa. Taɓaryar da ta dage sai an taho da ita, shi da kansa ya zare ta daga cikin kayan, ya sa aka kai ɗakin ajiya. Ya tara mutanen gidan ya ce duk wanda ya bar ta ta taɓa ko da tsintsiya ce, da shi yake. “Ta wahala a kanmu,” in ji shi, “yanzu lokacin hutunta ne.”

Da farko ta yi ta satar aiki. In babarmu ta shiga ɗaki, sai ta lallaɓa ta matse wanki, ko ta ja bokiti zuwa gindin murhu. Ana ganinta a ruga a karɓe, ana ba ta haƙuri. Da aka toshe wannan hanyar, sai na fara ganin ta da hantsi a cikin ɗakinta tana dafa bango da hannu biyu, tana turawa kamar mai son kayar da shi. Ko ta kama bakin ƙofa ta tsuguna ta miƙe, ta tsuguna ta miƙe. Ba wanda ya koya mata. Jikinta ne yake roƙon aiki. Wata maƙwabciya ta leƙo ta gani, ta fita tana cewa tsohuwar gidan ta fara ruɗewa. Kaka ta ji, kunya ta kama ta, daga ranar ta daina.

Sau ɗaya ta aike ni. Ta ce, “Je ka hwaɗa ma wancan ya maido mani taɓaryata. Zama na cin jikina.” Na je na faɗa masa yadda ta faɗa. Ya yi murmushi, har idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Kara ce take yi mini. Ba ta son a ce ta zauna tana cin gumina. Ka ce mata ta kwantar da hankalinta.” A nan abin ya lalace. Ita kunyar ɗan fari ta hana ta tsaya gabansa ta ce a'a da bakinta, shi kuma duk abin da ya fito daga wajenta alkunya yake ɗaukarsa. Uwa da ɗa a gida ɗaya, kowa na girmama kowa, tsohuwa na narkewa a tsakani.

Na ga narkewar da idona. Damtsen nan ya saki, fata ta yi masa yawa. Ta fara dafa gwiwa in za ta tashi, daga baya ta koma dafa bango, daga baya ta koma kirana. Wasan miji ma ya ragu. Da damina ta faɗi, zazzaɓi ya kwantar da ita, irin wanda a Kaikai take yi a tsaye tana daka. Zazzaɓin ya tafi, ita ba ta tashi ba. Wata asuba ta tayar da salla a tsaye, ta kai goshi ƙasa, ta yi ta yunƙuri, ƙafa ta ƙi. A zaune ta ƙarasa. Da ta sallame ba ta kakkaɓe tabarma ba, ba ta kuma kalli kowa ba.

Ma'aikacin asibitin da aka kira ya matsa cinyarta, ya ɗaga ƙafar ya saki. Ya ce ba shanyewar jiki ba ce, zama ne ya cinye naman, kuma a shekarunta abin da ya tafi da wuya ya dawo. Ya tambaya me ya sa aka hana ta motsi. Garin neman gira an rasa ido.

Ba a haƙa ba a ranar, kamar yadda take cewa. Ta ƙara shekaru a kan katifar nan mai kauri, kuma su ne shekarun da ba na son tunawa. Matar da take taka Kusada da ƙwarya a ka, ita ake cicciɓa zuwa makewayi, tana rufe fuska da mayafi. Baƙi kuwa suna shigowa suna sa wa babanmu albarka, suna cewa ba a taɓa ganin ɗa mai kula da uwa irinsa ba. Yana amsawa da amin, kansa a ƙasa. Har yau in na tuna wannan yabon raina ɓaci yake yi.

Yanzu babanmu ne tsohon gidan. Gonarsa ta wajen Rimaye ta fi ƙarfin zuwansa, saboda haka ya ƙirƙiro wa kansa aiki: ya share ƙofar gida, ya ja wa tumaki ruwa, ya taka masallaci mai nisa ya bar na kusa. Da hantsi yakan dafa bango ya tura, a tsakar gida, ba ruwansa da mai leƙe. Bakin mutane bai canza ba. Na ji da kunnena an ce 'ya'ya sun yi arziki sun bar uba da tsintsiya, kuma ba zan ɓoye maka ba, maganar ta yi mini zafi. Ƙanena har ya sayo kujera mai hannu.

Shekaranjiyar nan na fito da taɓaryar tsakar gida. Babanmu yana zaune a tabarma, ya gan ta. Sai aka kira azahar. Ya fara yunƙurin tashi, gwiwa na rawa, hannu na neman ƙasa. Ban san lokacin da na miƙa masa hannuna ba. Ya buge shi, bugu mai zafi, ya ɗago ya dube ni.

“Na yi ma uwata,” ya ce. “Kada ka yi mani.”

Na mayar da hannuwana baya na riƙe su gam. Na tsaya ina kallon ubana yana fama da ƙasa, har ya miƙe.