Inda Inna Ta Zauna

Tafiyar nan ta ba ni wahala, ba zan yi wa maganar kwalliya ba. Bayana ya daɗe yana ciwo, ƙafata ta dama ta kumbura saboda tuƙi, kuma na sha kunya a gaban ƙananan yaran da ko wandon kirki babu a jikinsu. Duk da haka, in aka ce in faɗi abu ɗaya da ba zai fita daga kaina ba har a kai ni makwanci, to wannan ne.

Abin ya faro ne ranar da muke kwashe kaya daga gidan hayarmu na Wendover, a nan Greensboro ta Amurka, za mu koma McLeansville da ke kusa. Ni aikina ɗaukar kaya ne a wani babban sito, don haka ranar hutuna ma ɗaukar kaya aka sa ni, wannan karon ba biya. Ina jan wani tsohon akwati sai murfinsa ya ɓalle, albam ɗin hotuna ya faɗo. Daga nan aiki ya tsaya cak. Maiɗakina ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, 'yarmu babba, wadda ke karatun jinya yanzu, ta raɓa kusa da ita, ni kuwa ina tsaye da katifa a ka kamar wanda aka kora daga gari.

Hotunan na wata tafiya ce da muka yi zuwa babban wurin wasan nan na Florida, shekarar da Inna, mahaifiyar maiɗakina, ta zo daga Kano zaman jegon autanmu. Zuwanta ƙasar nan ke nan na farko, kuma shi ne na ƙarshe. A lokacin ina da ƙarfi da ɗan rawar kai, na ce sai na nuna wa surukata Amurka. Muka cika kula da dambun nama da soyayyen kaji, muka kama hanya.

Otal ɗin da muka sauka a wancan lokacin abin dariya ne, amma na so shi. Gine-gine ne gajeru masu hawa biyu, an shafe su da fenti ja da ruwan ɗorawa kamar alewar yara. Mota a bakin ƙofarka kake ajiye ta. Makullin ƙarfe ne da wani faifan roba a jiki mai girman tafin hannu, ko kana so ka ɓatar da shi ba zai yarda ba. A tsakar gida akwai wani ƙaton kifi na roba da ya fi motata tsawo, baki buɗe, yara na shiga suna fita. Bayan ɗakunan kuma akwai ɗan tafki da agwagi, da benci na katako a gindin wata bishiya da ta karkata kamar mai ruku'u.

Inna ta leƙa wurin wasan sau ɗaya, ta ga yadda ake cilla mutane sama ana juya su suna ihu, ta ce wa 'yarta, "Ke, wannan da hankalinsu suka hau? A juya ni kamar waina, kuma in ce na gode? Ku mayar da ni wurin agwagin nan." Sauran kwanakin duk a bencin nan ta yi su, jariri a cinya, goro a baki. Abin da ya fi damunta shi ne agwagin. Kullum sai ta tambaya, "Wai na waye? Duk sun yi ƙiba haka ba mai yankawa?" Ranar da wata agwagwa ta fizge mata biredi daga hannu ta fashe da dariya, ni kuma ina can nesa, saboda kunyar suruka ba ta barina in matsa, na danna kyamara. Wannan hoton ne maiɗakina ta riƙe a ranar kwashe kaya ta ƙi saki.

Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan komawarta. Maiɗakina ba ta samu zuwa ba sai bayan an daɗe da share makoki. Maƙabarta dai mata ba sa zuwa a gidansu, kabarin ma ba suna a kai, yayyenta maza kansu da ta tambaya sai suka ce ai wurin ya cika, ba za su iya nunawa daidai ba. Gidan da ta girma a ciki kuma magada sun sayar, an rushe an yi shaguna. Saboda haka da ta ɗago kai ta ce, "Malam, ina so in je in tsaya inda Inna ta zauna. Duk duniya nan kaɗai ya rage da na san wurin," ban yi gardama ba. Na dai yi gunaguni, wannan haƙƙina ne.

"Kin san nisan Florida kuwa?"

"Da can kusa take?"

"Da can ina da baya."

"Kai ka ɗauki hoton," in ji ta, "kai ka san wurin. Ka kai ni kawai."

Autan ya ce yana da wasan ƙwallo, muka bar shi gidan wani maƙwabcinmu ɗan Nijar. Mu uku muka tafi. Na tuƙa tun asuba har rana ta yi sanyi, 'yar tana baya da waya tana gaya mini in bi dama in bi hagu, a hanyar da na bi tun tana tsotsar yatsa.

Da muka isa na ce mata ta ɓatar da mu. Ta ce, da Turancinta mai fita ta hanci, "Baba, nan ne. Sunan ma bai canja ba." Sunan kaɗai ne bai canja ba. Wani dogon gini ne na gilashi, launin toka, ka rantse banki ne ko asibitin masu hali. Babu kifi. Babu ja, babu ruwan ɗorawa. Mota wani yaro ya karɓe ya tafi da ita inda ban sani ba, na bi ta da kallo kamar an tafi da akuyata kasuwa. A ciki sanyi da ƙamshi, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Na miƙa hannu a ba ni makulli, sai yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi ta ɗaura mini wani abin hannu na roba, wai shi ke buɗe ƙofa.

Maiɗakina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ma sha Allah, Malam an yi awarwaro. Saura lalle."

Na nuna wa yarinyar hoton na tambaye ta ina tafkin agwagi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce kai, abin sha'awa, amma ita ba ta taɓa jin an yi tafki a nan ba. Na duba fuskarta na gane lokacin da muka zo ko makaranta ba ta fara ba. Ta dai ce mu bi wani lungu kusa da lif, akwai hotunan otal ɗin na da a bango.

Nan ne raina ya ɗan ɓaci. Ga kifin, ga gajerun ɗakunan, ga motoci irin tawa ta lokacin, duk an saka a firam, amma an mayar da su baƙi da fari. Ni da na ga wurin nan da idona ja wur, an mayar da ni mutumin zamanin Turawan mulki. Na ce wa 'yar, "Kin ga abin da suka yi mana? Saura su rataye ni a nan su rubuta tarihi a ƙasa." Wani tsohon Bature da matarsa na tsaye gefenmu, shi ma da nasa hoton a hannu, yana nuna kifin yana girgiza kai. Muka gyaɗa wa juna kai irin na waɗanda aka yi wa sata a unguwa ɗaya.

Maiɗakina ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce a hankali, "Shi ke nan, sun cinye wurin. Mu kwana mu koma."

'Yar ce ta lura da wani hoto da aka ɗauka daga sama. Ta sa yatsa ta ce ga tafkin, ga bishiyar da ta karkata, kuma ai ta hango irin bishiyar nan ta taga lokacin da muke shigowa. Muka fita ta ƙofar baya. Bishiyar tana nan, ta ƙara kauri ta ƙara sunkuyawa, kamar ni. Amma inda tafkin yake an cike shi an yi wurin wasan ruwa na yara. Ruwa na tsartuwa daga ƙasa, kiɗa na tashi, yara na gudu suna ihu, iyayensu na kwance a kujeru da 'yan ƙyallayen da ba su kai hankici ba. Na kawar da kai gabas na ga abin da ya fi na yamma muni, sai na dubi ƙasa.

"Ina ne daidai?" in ji maiɗakina. Muryarta ta canja.

Ni na ɗauki hoton, ni aka sa wa ido. Na tuna cewa bishiyar tana bayan kafaɗar Inna ta hagu, reshen da ya karkata yana bisa kanta. Na naɗe ƙafar wando, na cire takalmi, na shiga da kaftanina da hulata, hoton a cikin leda a hannu. Ina duba hoto, ina duba bishiya, ina matsawa. Yara suka dare suna kallona. Na ja da baya kaɗan, na matsa dama, sai reshen ya zauna daidai yadda yake a hoton. Na ɗaga hannu na yi kira, "Hajiya! Nan ne! Wallahi nan bencin yake!"

Na ga yaran sun taru a kusa da ni suna kallon sama suna ƙirga wani abu da ƙarfi. Na ɗauka ni suke yi wa murna. Ashe a bisa kaina akwai wani bokiti mai girman tankin ruwa, yana cika a hankali, in ya cika sai ya tuntsure. Ban san da shi ba sai da ya sauka a kaina gaba ɗaya. Na zauna daɓas. Hulata ta kama hanya, wani yaro ya bi ta ya kamo ya kawo mini da hannu biyu yana cewa in sake, wai na iya faɗuwa. Mai gadin wurin yana ta busa usur yana nuna kayan jikina.

Da na fito ina ɗiga, maiɗakina ta riƙe ciki tana dariya har ta kasa tsayuwa, 'yar kuwa ta riga ta ɗauka a waya, kafin magariba duk 'yan uwanmu na Greensboro sun gani. Sai dariyar ta juye. Ta ja bakin hijabinta ta rufe fuska tana kuka. Ta dubi wurin, ruwa na zuba, yara na tsalle a daidai inda uwarta ta zauna, ta ce, "Na gani, Malam. Allah ya saka. Amma ni ina zan shiga nan in yi wa Inna addu'a? Bar shi kawai. Daga nan ma ya isa."

Ta ce ya isa, amma na zauna da matar nan shekarun da na san ya isa na gaskiya da ya isa na haƙuri. Na koma wurin mai usur ɗin, ina matse kaftani, na tambaye shi da guntun Turancina ko bokitin nan yana hutawa. Ya ce da safe ƙofa a buɗe take ga masu abin hannu irin nawa, amma ba a kunna ruwan sai rana ta ɗaga sosai. Na dubi awarwarona, na ji mun shirya da shi.

Ni ba mai ilimi ba ne, amma ga abin da na ɗauka daga wannan tafiya. Masu gini ba su san uwar kowa ba. Za su cike tafki, su kwashe kifi, su mayar da ƙuruciyarka baƙi da fari su rataye kusa da lif, kuma ba mugunta ba ce, sana'arsu ke nan. Wuri ba ya riƙe mutum, sai in wani mai rai ya tsaya ya ce nan ne. In kai ne ka sani, to ka tashi ka nuna tun ƙafarka na ɗaukarka, ko da za ka jiƙe.

Washegari bayan mun yi sallar asuba, gari ya fara haske, na ce ta sa hijabinta ta biyo ni. Wurin shiru, ƙasa a bushe, ba kowa sai wani mai share ganye can nesa. Na jawo kujera ɗaya daga cikin na masu kwanciya, na kai ta daidai wurin, na juya ta yadda reshen zai zo bisa kanta. Ta zauna. Ta ɗaga hannuwa ta fara addu'a. Na ja baya na ba ta wuri, irin nisan da nake ba Inna, ina amsawa da amin daga inda nake, idona a kan bokitin.