Jitata a Mashekarin Andarai

Har gobe ranar da na je Andarai da jitata ba ta fita raina ba. Lokacin ina mataimakin jami'in wayar da kai, kuma aikina shi ne in riga ma'aikata isa gari, in kafa lasifika, in tara jama'a.

Jitar gadon kawuna ce, direban motar albasa daga Aliero zuwa Kwatano. Ƙirar Japan ce mai aiki da lantarki, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ja ce da ta koɗe, da maɓallai jere kamar na tsohuwar rediyo, da wani ɗan ƙarfe da in ka danna sai sautin ya yi rawa. Wani mai gyara ya taɓa ce mini irinta ta kusa ƙarewa a duniya. Ko ƙanena ba na bari ya taɓa ta.

Da bazarar shekarar ciwon huhu ya shiga shanu, aka tura mu rigakafi tare da Dakta Sanusi, likitan dabbobi. Ƙa'idar maganin ita ce ya zauna cikin ƙanƙara. In ta narke, sai zubarwa. Muka taso daga Jega da sassafe, muka tarar da mashekari, wato zangon rani na makiyaya, fayau. Ashe an baza cewa ƙirga shanu za mu yi don haraji. Na yi shela har muryata ta dushe, ko ɗan maraƙi ba a kawo ba.

Dakta ya leƙa kular ƙanƙarar da maganin ke ciki ya ce, "Malam Nasiru, in la'asar ta yi, mun yi asara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni izini in gwada wani abu."

Na jona jitar da lasifika, na haɗa da batirin mota, na saki kiɗa. Kai! Sautin ya ratsa dajin nan har tsigar jikina ta tashi. Can sai ga wani dattijo da sanda, Baffa Jauro, wanda daga baya na ji shi ne makaɗin molon yankin. Ya tsaya kaina ya ce, "Ɗana, mi ag ga wannan molo da shika kuka haka? Miƙo in gani."

Na dubi hannuwansa masu kaushi, na dubi kular magani, na miƙa masa.

Ya zauna ƙasa, ya sassauta tsirkiya biyu, ya fara kaɗawa da babban yatsa. Da gwiwar hannunsa ta danne ɗan ƙarfen nan, sautin ya karkaɗa, sai ya zabura ya ce, "Lale! Shina da rai!" Ya tuntsure da dariya, sannan ya saki taken da ake yi wa shanu ranar komowa daga mashekari.

Jama'a, ban taɓa jin jitata ta yi magana irin ta ranar ba. Mata suka fito da guɗa, samari suka taho a guje suna ɗaga sanduna, ni kaina ban san lokacin da na shiga rawa ba. Ardo, shugaban makiyayan, ya iso, ya zauna da Dakta ya ji bayani, ya ce, "In ba ƙirga za ku yi ba, a koro su." Kafin la'asar maganin ya ƙare tas, shanu na nan tafe.

Da Baffa ya maido mini jitar, zobensa ya yi mata zane a gefe. Ya ce, "Ka yahe mani, ɗana." Na ce, "Baffa, wallahi ba zan gyara shi ba."

Ku matasan da kuka shigo aikin nan, abin da na koya ke nan: mutanenmu ba kurame ba ne. Amma ba za su miƙa maka abin da suke ji da shi ba, sai sun ga ka miƙa musu naka.